Sassaben Tudun Kirya

Hauwa'u, ke kika jawo wannan babin, don haka ke zan fara kira, amma da ke da 'yan'uwanki duka nake. Ranar da kika dawo daga biki a Tungar Masassaƙa, kika gaishe ni sama-sama kina murza bakin mayafi, na san an zuba miki wata magana a kunne. Uwarku ce ta fasa mini daga baya. Wai wata tsohuwa ta nuna ki a cikin mata ta ce ga ɗiyar Mamman, wanda ya raba gidansu, ya nemi rabon gado uwarsa tana zaune da ranta. To, tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, na nema. Abin da ba ta faɗa ba shi ne abin da na ce a raba, da kuma dalili. Ba gafarar kowa nake nema da wannan rubutu ba, domin na duba na sake dubawa ban ga laifina ba. So nake idan an sake nuna ɗayanku da baki, ya san abin da zai riƙe a ransa ko da bai tanka ba.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Argungu bayan an wuce Ambursa, fadama a ƙasa, tudu a sama. Wannan jan fakon da kuke hawa da babur rana tana dukan ƙeyarku, a dā daji ne da sai rana ta yi dabara take taɓa ƙasarsa. Tudun Kirya ake ce masa, kuma na gidanmu ne tun kakanni, saboda mu ne masassaƙan yankin. Akwai kirya da marke da madobiya da taura, can gefen kwazazzabo kuma ga madaci da kawo, irin waɗanda hannu ba ya zagaye gindinsu. Daga nan babanmu yake fitar da turmi da akushi da ƙotar fartanya, daga nan yake sassaƙa wa masuntan Argungu jirage. A ƙarƙashin manyan itatuwan akwai sarƙaƙiyar geza da sabara da kalgo, da ganyen da ya zuba shekara da shekaru ya yi laushi, idan ka taka sai ƙafa ta nutse. Wannan sarƙaƙiyar ce mutanen gari ba sa ƙauna. Tana yaga riga, tana ɓoye maciji, kuma ba a sassaƙa komai da ita.

Baba kuwa ita yake fara dubawa. Bai taɓa ɗaga gatari a kan itace ba sai ya durƙusa ya buɗa gezar da ke kewaye, ya nemo 'yan tsiron da ke ɓoye a ciki, sannan ya san ta inda zai kayar da itacen don kada ya danne su. Rassan da ba ya so kuma ba ya bari a kwashe, sai ya jibga su a kan tsiron su zama shinge. A wurinsa na koyi cewa kirya ba ta rayuwa a sarari tana ƙarama. Shanun Fulani ne ke cin 'ya'yanta su zubar da ƙwayar cikin kashinsu. Wadda ta tsira a fili, rana ta ƙone ta ko akuya ta tsinke ta. Wadda ta faɗa cikin geza ita ce ke tashi, a inuwa, cikin danshi, har ta fi ƙarfin bakin akuya. Ganyen da ke ƙasa kuma gara ce ke janye shi cikin rami, ramukan nan su ke shanye ruwan sama, ruwan ya bi ta ƙarƙashi a hankali ya fito a gindin tudu, inda Inna take da 'yar rijiyarta ta ban-ruwan albasa wadda ba ta ƙafewa ko da bazara. Idan Baba ya kama ni ina ɗaga kai ina auna wani madaci da ido, sai ya ce:

"Kai Mamman, bar kallon bisa kamar mai neman wata. Manyan ga sun gama nasu, jiran gatari kawai sukai. Dajin na nan ƙasa, cikin gezag ga."

Wana, Yaya Garba, shi bai gaji durƙuso ba. Ya iya sassaƙa, ba zan rage masa ba, turminsa ya fi nawa kyan baki, amma zuciyarsa tana gona. Mutum ne mai ƙarfi, mai son taro, idan ya yi dariya a fadama ana ji a cikin gari. Yana da 'ya'ya cike da tsakar gida, ni kuwa a lokacin daga ni sai uwarku sai yayanku Sani yana goye. Tun muna samari yake tsokanata da Sarkin Geza, ni kuma in rama da duk abin da ya zo bakina, kuma ba mu taɓa riƙe juna a zuciya ba sai a shekarar da zan ba ku labari.

Shekarar fari ce, zamanin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, Baba bai daɗe da rasuwa ba. Ruwan sama ya ɗauke da wuri, gulbi bai hau fadama ba, shinkafa ta bushe a tsaye ko ciki ba ta yi ba. Mu kuwa ba mu da gonar gero ta kirki, don kullum da shinkafa da sassaƙa muka dogara. Sassaƙar ma ta mutu, wa zai sayi turmi ba shi da abin dakawa? Jiragen masunta kuma suna kife a kan yashi. Na ga yunwa a gidanmu a wannan rani da idona. Na ga matar Yaya tana dafa ganyen tafasa da 'yar dusa, yara suna lashe ƙwarya suna leƙen ta wani. Duk wanda ya ce muku ban damu da yaran nan ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Wata rana bayan la'asar Yaya ya tara mu a rumfar Inna, ya ce ya yanke shawara: za a kira gayya a sassabe Tudun Kirya kafin damina, a shuka gero. Ya ɗaga mini hannu tun ban buɗe baki ba.

"Na san abin da za ka ce. Babu icce babba ko guda da za a taɓa. Kirya, madaci, marke, duk suna nan. Ƙazantar ƙasa kawai za mu share, geza da sabara. Gonakin mutane ba ga gawo da ɗorawa tsaye ciki ba? Mi yas same su?"

"Yaya, gawo daban, kirya daban," na ce. "In ka share ƙasa ka yanka dajin. Manyan za su tsaya, amma babu mai bin bayansu. Kowane munka sare ya tahi ke nan."

"Icce nawa muka sara a shekara? Aradu ko jikokinmu ba su ƙare su."

Na kawo duk abin da zan iya kawowa. Na ce mu nemi aron gona a wurin kawunmu. Na ce ni zan tafi cin rani Birnin Kebbi in riƙa aiko da hatsi. Na ce to a share baki-baki a bar tsakiya. Yaya ya ce gonar aro gajiyayyiya ce, ƙasar tudun nan kuwa baƙa ce mai maiƙo, garma ba ta taɓa shiga cikinta ba, damina guda za ta cika rumbu. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Inna tana zaune tana tsince wake ɗan cikin tafin hannu, ba ta ɗago ba ta ce:

"Mamman, ɗiyan icce kaka tausai, ko ɗiyan wanka?"

Na ga dai an gama magana, daji zai tafi gaba ɗayansa, sai na faɗi kalmar da ta bi ni har ta riske ku.

"To a raba. A hidda mani rabona, in bar shi yadda Baba yab bar shi."

Inna ta zuba waken a faifai, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Ku lura, ban nemi fadama ba, ban nemi gida ba, ban nemi ko gizagon Baba ba. Geza na nema, abin da Yaya da bakinsa ya kira ƙazanta. Amma kafin magariba labari ya zagaye gari cewa Mamman ya nemi gado. Liman da maigari suka zo suka zagaya tudun, liman yana ta girgiza kai yana kallona kamar na zagi wani. Aka ce in zaɓa, na zaɓi kusurwar yamma ta bakin kwazazzabo, domin nan ne na san tsiron kirya da madaci suka fi yawa.

Ranar gayya gari ya fito kaf, da ganga da maroƙi, ni kaɗai ne namijin da bai ɗauki adda ba. Zan faɗi gaskiyar Yaya: ya cika alkawarinsa. Ya bi manyan itatuwa ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura musu kaba don kada wani ya kuskura, har ya kusa marin wani saurayi da ya sari reshen madobiya. Haka manomi yake, itacen da ya iya zama a inuwarsa shi ne itace a wurinsa. Amma adda ba ta tambayar abin da ke cikin geza. Na bi bayan masu sara da 'yar sanda mai tsini ina tonon tsiron da suka tsira, don in mayar da su rabona. Tsiron kirya da bai wuce taki ɗaya a sama ba, saiwarsa ta fi tsawon hannu a ƙasa, duk wanda na ja sai ya tsinke. Maroƙi ya hango ni ya sa ni a waƙa, wai Sarkin Geza yana kwashe talakawansa, mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Waɗanda na dasa ɗin ko ɗaya bai kama ba.

Saura ƙona sassabe. Baba ma yana sa wa tudun wuta, amma da kaka yake sawa, ciyawa tana da sauran danshi, wutar ta yi rarrafe ta lashe sama-sama ta mutu da kanta. Wannan kuwa tsibin busassun rassa ne a tsakiyar zafin bazara. Na share iyaka mai faɗi tsakanina da su, na roƙi Yaya ya bari sai da sanyin safiya, ranar da babu iska. Ya ce to. Sai wata rana da azahar hadari ya haɗu a gabas, ya ji tsoron kada ruwa ya jiƙa masa tsibin, ya kira mutanensa suka cinna. Kowa a ƙasar nan ya san iska ce ke riga ruwa isowa, kuma daga gabas take tasowa. Ta ɗebi wutar ta tsallaka iyakata kamar ba a share ba. Ina fadama na hango hayaƙi ya juya yamma, na zo da gudu, na tarar rabona yana ci, geza tana ƙara, zabin daji suna tashi ta kowane gefe. Ruwan da aka yi wa gaggawar kuma ko ɗigo bai sauka ba.

Da wutar ta lafa ina tsaye cikin toka, sai ga Yaya, girarsa ta babbake, rigarsa duk huji, don ya yi ta dukan wutar da ɗanyen reshe shi da mutanensa. Da a ce shiru ya yi, da wataƙila yau kuna da gida a Tunga. Sai ya dafa kafaɗata ya ce:

"Ƙaddara ta, Mamman, ka yi haƙuri. Amma duba, manyan ba su ci ba. Yanzu ga hili ya samu, kai ma sai ka shuka."

Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, wai lallashina yake. A nan na gane ko zan shekara ina magana ba zai taɓa ganin abin da ya ƙone ba. Na sauke hannunsa daga kafaɗata. Washegari na ce wa uwarku ta ɗaure kaya. Da na shiga sallama da Inna, tana fuskantar bango ta ce:

"Ka raba daji, yanzu kuma za ka raba ni da jikana. Tahi, Allah shi kiyaye."

A Birnin Kebbi wani kafinta ne ya karɓe ni, Luka, Kirista daga duwatsun kudancin Filato, wanda kuka tashi kuna ce wa Baba Luka. Ya ga yadda nake riƙe gizago, bai tambaye ni asalina ba ya ba ni benci, matarsa ta raba wa uwarku ɗaki da labule. Wata rana muna goge katakon madaci da aka kawo daga kudu na ba shi labarin tudunmu. Ya ce a garinsu ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, dajin kan dutse ganyensa ba ya gama zuba sabo ya fito, idan ka sare ka juya baya sai ya tofo. Amma ko a can, in ji shi, gangaren da aka share ƙarƙashinsa ruwa ke wanke ƙasar ya bar dutse tsirara.

"Balle nan wurinku da ruwan ma roƙonsa ake yi," ya ce.

Shi ne mutum na farko da bai yi mini dariya ba, kuma baƙo ne.

Daminar ta yi kyau, gero ya yi abin mamaki a kan tudun, zangarniya kamar damtsen mutum. Yaya ya ɗoro dami a kan jaki ya aiko mini har Birni, da saƙon cewa a gaishe da Sarkin Geza, ga zakkar ƙasarsa. Kuna so ku ji ko na mayar? Ban mayar ba. Uwarku tana da cikin Hauwa'u, aikin kafinta bai fara ciyar da mu ba. Ta sussuka, ta daka, ta tuƙa, na zauna na ci. Ban taɓa cin tuwo mai ɗaci irin wannan ba, kuma na cinye.

Ba a daɗe ba ƙasar ta fara nuna halinta. Ganye ya daina taruwa don iska ke kwashe shi, gara ta ƙaura, saman tudun ya daskare ya zama fako. Ruwan da a dā yake nutsewa sai ya riƙa gudu a sama, ja wur, yana yanka kwari, yana sauke yashi a kan fadamarmu. Gero ya riƙa raguwa har ya zama ba ya mayar da iri. Rijiyar Inna ta ƙafe, aka ƙara mata zurfi, ta sake ƙafewa, ta daina albasa. Duk lokacin da na je gaishe ta, ba ta ambaci rijiyar ba, ni ma ban ambata ba, har Allah ya karɓi ranta ba mu buɗe wannan magana ba. Yaya kuwa idan ya raka ni bakin hanya sai ya nuna mini tudun da haɓa ya ce ga manyan itatuwan nan dai tsaye. Suna tsaye ɗin, gindinsu fes kamar tsakar gidan amarya, awaki suna kwance a inuwa suna jiran duk abin da ya kuskura ya tsiro. Wutar nan ta riga ta dafa bawon da yawa daga cikinsu, suka riƙa bushewa daga sama. Wanda ya bushe a sare, wanda iska ta kayar a faskara. Da gona ta daina bayarwa, masu gawayi da motocin itacen girki na Birni suka samu hanya, Yaya bai iya ce musu a'a ba, ga iyali. Wani tsohon masunci ya taɓa zuwa shagonmu daga Argungu yana neman ɗan gidan masassaƙa ya yi masa jirgin madaci irin na dā. Na ce masa sai dai na katako da ƙusa, ya dube ni ya tafi ko sallama babu.

Yaya Garba ya rasu da rani, bayan an yanke mana jihar Kebbi da daɗewa. Na isa Tunga da hantsi, na tarar an yi masa wanka, masu haƙa sun gama kabari. Kun san yadda ake yi: idan an sa mamaci a ƙaramin ramin ciki, sai a jera itace a gicciye a rufe, a liƙe da laka, sannan a tura ƙasa. Itacen kuma dole ya zama mai tauri wanda gara ba ta ci, shi ya sa duk yankin nan tun ina yaro gidanmu ake zuwa neman kirya idan an yi rasuwa, kuma ba a taɓa sayar wa kowa ba. An aiki samari kan tudu tun da safe. Suka dawo da rassan darbejiya ɗanye da wasu karan tumfafiya. Tsohon da ke kula da maƙabarta ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa a gwiwa ya yar.

"Wanga ba ya kai damina, kushewar ruhtawa za ta yi. Ku ɗiyan masassaƙa na, a ce babu kirya ko guda gidanku?"

Babban ɗan Yaya ya sunkuyar da kai. Gawa tana kan makara a inuwar bango, rana tana hawa, mutane suna satar kallona. Na ji maganar da na yi shekaru ina tanadi ta taho har bakina, sai na tarar wanda zan faɗa wa yana cikin likkafani.

Ana cikin haka sai matar Yaya ta aiko daga cikin gida da taɓaryarta, ta kirya, sassaƙar Baba, ta yi baƙi ta yi santsi don daɗewa a hannu. Maƙwabciyarta ta ji, ta aiko da tata. Kafin a jima taɓaren unguwa sun taru a ƙofar zaure, wasu na Baba, wasu na Yaya, har da waɗanda na gane nawa ne. Aka rasa wanda zai yanka su daidai faɗin ramin, sai aka miƙo mini gatari. Na durƙusa na auna, na sare su ɗaya bayan ɗaya, itacen yana mayar mini da gatari don tauri. Da su muka rufe wana.

Na kwana uku a Tunga ana karɓar gaisuwa, ana kai hatsi inji can Ambursa a kan babur. Duk zaman nan ban ji ƙarar daka a unguwarmu ba, kuma babu wanda ya tambaye ni inda za a samo wasu taɓaren.